Kada a Kwantar da Shi

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya ja kwana har na kai shekarun da ake ba ni benci a wajen wankin mota na bakin titin Zariya, nan Na'ibawa, in zauna in yi kallo. Abin da nake gani kuwa, masha Allah, ilimi ne. Jiya da hantsi wani mai wanki ya tashi kai injinsa aiki Hotoro. Ya kashe shi yana huci, ya sungume shi kamar buhun gawayi, ya cusa a Keke Napep a kaikaice, ya shiga ya ɗora ƙafa a kai. Na ce, "Samari, laifin me injin nan ya yi maka?" Ya ce, "Haba Baba, inji ne fa, ba ƙwai ba." Gaskiyarsa. Ƙwai in ya fashe ana soyawa a ci.

To ku da kuke ganin sana'ar nan ba ta wuce jan igiya da riƙe bindigar ruwa ba, ku gyara zama. Injin feshi ba kasafai yake mutuwa a bakin aiki ba. A hanya yake mutuwa, tsakanin aikin da aka gama da wanda za a je. Zan ba ku labarin ranar da na kusa rasa inji ɗaya tilo da na mallaka, da aiki ɗaya tilo da yake ciyar da gidana, saboda wani bawan Allah ya ga ya kamata ya girmama shi. Amma sai kun san yadda ake ɗaukar inji kafin ku gane yadda girmamawa take kisa.

Aikina na farko a hannun maigidana, Baba Tanimu, wanke kwatamin wata masaƙa ne a Sharada. Lokacin Sharada tana tashe, da safe titi ba masaka tsinke, masu kekuna da masu tafiya a ƙasa kowa na sauri kada jiniya ta riga shi. Baba Tanimu tsohon makaniki ne. Ya sayi injinan feshi uku a gwanjo, yana zagaya kamfanoni yana wanke musu daɓe da kwatami da manyan motoci. Kowane inji ɗan ƙarami ne mai shan fetur, da famfo a gefensa, bel ya haɗa su, an ɗaure su a kan ƙarfe ɗaya. Mutum biyu sa ɗaga shi. Ranar da muka gama kwatamin nan, ina ganin an ajiye bindigar ruwa na ruga na kama inji zan kai mota, don a san an ɗauki mai himma.

Baba Tanimu ya ce, "Habu, ina zuwa?"

Na ce, "Mota, Baba."

Ya ce, "Madalla. Ka sauke shi tukuna, ka bari in yi masa addu'ar ban kwana."

Nan ya zaunar da ni ya nuna mini. Kafin a kashe inji, a rufe makunnin mai da ke ƙasan tanki, a bar shi yana aiki har ya shanye abin da ke cikin kafireto ya mutu don kansa. Ruwa kuma yana gudu a famfon duk lokacin nan, domin famfo ba ya yafe wa wanda ya juya shi a bushe. In ka bar makunnin a buɗe, kowane rami na hanya zai girgiza fetur ya gangara ya gauraya da baƙin mai, ka isa wurin aiki da inji mai cikin ruwa. Bayan ya mutu, a matsa bindiga a saki ƙarfin da ya rage a tiyo, a kwance tiyon a naɗe shi daban, a tsiyaye ruwan famfo. Sannan a jira salansa ta huce. Wannan jiran shi ya fi ba ni haushi a lokacin, har ranar da na ga buhun da aka rufa wa wani inji ya kama da wuta a bayan mota, direba yana ta gudu yana murna mutane na ɗaga masa hannu.

Na ƙarshe shi ne babba. A ɗaure shi ta kusurwa huɗu, a tsaye. Baƙin mai yana kwance a ƙasan inji kamar ruwa a randa. Ka kwantar da randa, ka san sauran. Zai shiga kafireto, ya jiƙa matatar iska, ya hau kan fistin ya zauna inda ba a gayyace shi ba. Wata shida na yi ban taɓa bindigar ruwa ba, aikina ɗauka da saukewa. Duk sanda na yi ƙorafi sai Baba Tanimu ya ce, "Feshin ruwa ai ko giwa ta iya, kuma ba ta yi koyo a wajen kowa ba."

Wani aiki da ba na mantawa shi ne na wani kamfanin fata a Challawa. Mun wuni muna kore gashi da kitse da ruwan jima daga daɓe. Da muka fito, mai shayin bakin ƙofa ya roƙe mu don Allah mu sha a tsaye, daga can nesa, ya ma yafe mana zama. A Sharada rini ne, ka koma gida ƙafarka shuɗiya yau, gobe ja. A Bompai kuwa manyan motocin man gyaɗa ne da kamfanonin alewa, inda sukari ke daskarewa a daɓe har ya cire wa mutum takalmi. Masu ba da aikin duk halinsu ɗaya. Kana gamawa sai akawu ya turo motarsa, wai ɗan fesa mata tunda inji na kunne, bayansa mai sito da babur ɗinsa, bayansa maigadi da tabarmarsa. Kowa ya san ruwan Allah ne. Fetur ɗin kuma, a ganinsu, shi ma daga sama yake saukowa.

Sai shekarar tsanani ta zo, wadda ake kira ostariti. Kayan gyara suka ɓace. Fulogi ya zama abin da ake fito da shi daga ƙasan kanta a naɗe a tsumma, ana waige-waige. Kamfanoni suka fara rufe ƙofa ɗaya bayan ɗaya, ma'aikata suka koma garuruwansu, masu tuwon bakin ƙofa suka kife tukwane. Injinanmu uku suka koma cin junansu: a cire bel na wannan a sa wa wancan, a cire kafireton wancan a sa wa na uku. Da shekara ta zagayo, uku sun zama ɗaya. Baba Tanimu ya kira ni ya ce gwiwarsa ta gaji, zai koma gonarsa a bakin kogin Challawa. Ya miƙa mini injin ya ce, "Ga shi nan. Ba shi da ƙane, ba shi da wa. In ya mutu kada ka zo mini ta'aziyya."

Aikin da ya rage mai tabbas guda ɗaya ne, wani kamfanin alewa a Bompai da nake wanke wa babban ɗakin dafa sukari duk ranar Lahadi. Sauran sai wanda Allah Ya kawo. Shugaban leburorin wurin, wanda ake ce wa Heluma Garba, ya sha gaya mini cewa manaja yana neman dalili ko ƙanƙane ya mayar da wankin hannun leburori da tsintsiya da bokiti.

Ba ni da mota, haya nake yi, kuma ba kullum nake samun bin injin ba. Masu lodi kuwa da sun ga fili ya ƙure sai su jingine shi ko su kifa shi. Na yi ta faɗa har murya ta dushe. Sai dabara ta zo mini, irin ta masu ilimi. Ni ban yi boko ba, amma alhamdu lillahi na yi allo, ajamina kuma ba a raina shi, har wasiƙa nake rubuta wa mutane. Na samo farin fenti da tsinke, na zauna a gindin inji, na rubuta gargaɗi a jikin murfin bel, a gefe, da manyan baƙaƙe da wasali cif-cif. Na ja da baya na dube shi na yaba wa kaina. A lissafina, duk mai lodi a Kano ya taɓa riƙe allo, saboda haka matsala ta ƙare.

Lahadin da ta biyo baya na samu aikin safe a kamfanin fata na Challawa, na Bompai kuma da azahar. Wankin ranar ba na wasa ba ne, domin Heluma ya aiko cewa duba-gari za su zo Litinin da safe. Ina cikin gama na Challawa robar bakin tiyo ta tsage. Dole in bi ta Ƙofar Ruwa in nemo wata. A bakin ƙofa na samu wani mai a-kori-kura, Malam Ilu, mutumin Damagaram, dattijo mai carbi a wuya da riga fara ƙal. Ɗanyar fata ya kawo, ya sauke, zai koma Bompai ɗaukar wani kaya, ba zai iya ratsewa kasuwa ba. Muka shirya ya kai mini inji ƙofar kamfanin alewa ya jira ni. Da hannuna na rufe makunnin mai, na jira salansa ta huce, na ɗaure shi ta kusurwa huɗu a tsakiyar bodi, tsaye kyam. Na hau kekena hankali kwance.

Na iso Bompai an idar da azahar. Ga motar a inuwar darbejiya, ga Malam Ilu a gefe yana jan carbi, ga Heluma Garba a kan kujerar maigadi. Na leƙa bodi, ba komai sai tiyo da igiyoyina a naɗe tsaf. Na ɗaga kai. A kan ƙarfen ɗora kaya da ke saman kan motar, ga wani abu kwance an lulluɓe shi da bargo mai tsabta, kamar mara lafiyar da za a kai asibiti. Wani baƙin layi ya gangaro ta gilashin gaba yana ɗiga.

Na ce, "Malam Ilu, ina injina?"

Ya ce, "Ga shi can sama, Malam, lafiya ƙalau. Ko ƙuda ban bari ya sauka a kansa ba. Sai da na nemi mutum biyu suka kama mini."

"Wa ya ce ka kwance shi daga inda na ɗaure?"

"Ai bayan tafiyarka na ga rubutun. Na ce subhanallahi, wannan malami mantuwa ya yi. Bodin nan da safe ɗanyar fata ce a ciki, jininta ma bai bushe ba."

"To da ka kai shi sama, don me ka kwantar da shi?"

"A tsaye ba ya zama a can. Kuma rubutun a gefe yake, na ga gara ya kalli sama."

Na ce, "Malam Ilu, tsakaninka da Allah, ka karanta rubutun nan?"

Ya ce, "Na karanta inda na iya. Ni allona bai yi nisa ba aka tura ni kiwo. Amma Bisimilla, ko a mafarki na gan ta na san ta."

Na buɗe baki zan zazzage masa, na fasa. Gaskiya ya faɗa. Tun ina yaro hannuna bai taɓa fara rubutu ba sai da Bisimilla, ko sunan mutum zan rubuta a bayan ambulan. Ranar fenti ma haka hannun ya yi, ya zana ta a sama, ta fi sauran kyau da girma, ban ko tsaya tunanin inda inji yake kwana da inda ake ajiye shi ba. Yanzu in ce da dattijon nan me? Ya yi laifi da ya ɗauke sunan Allah daga kan jinin fata?

Muka sauko da shi. Na nuna masa layi na biyu da yatsa, na karanta masa a hankali: "Kada a kwantar da shi. A bar shi a tsaye."

Ya ƙura wa baƙaƙen ido. Can ya ce, "Ikon Allah. Ashe Hausa ce. To Malam, kai ma da ka faɗa mini da baki, ai da Hausar nake ji."

Heluma Garba ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ya ce, "Malamai biyu sun taru sun yi wa inji ɗaya sutura. Malam Habu, ni dai ba ruwana da fassara. Gobe duba-gari. In aka yi la'asar ban ji kukan injin nan ba, zan tara leburorina da tsintsiya, kuma ka san in suka fara, manaja ba zai sake tambayar inda kake ba."

Na tsayar da inji na taɓa igiyar tayar da shi. Ta ƙi motsi, kamar an ɗaure ta da dutse. Baƙin mai ya cika kan fistin. Malam Ilu ya naɗe hannun riga ya ce, "Kawo in fizga, Malam, ni da ƙarfina."

Na ce, "Taimakonka na yau ya wadatar, Allah Ya saka. Ja da baya."

Ku riƙe wannan. Injin da mai ya hau kansa, in ka fizge shi da ƙarfi, sandar fistin ce za ta lanƙwashe, a shekarar nan kuwa ko Kano za ka kife ba za ka samu wata ba. Na ɗauko sifana na kwance fulogi, ya fito baƙi ƙirin yana ɗiga. Na ja igiya a hankali. Mai ya yi tsartuwa ta ramin fulogi, ya sauka a kan farar rigar Malam Ilu, wanda ya matso don ya ga ikon Allah da kyau. Na yi ta ja har ramin ya daina tofi. Na kwance kafireto na wanke da fetur, na hura kowace ƙofa da bakina. Na wanke fulogi, na kai shi can nesa da galan ɗin fetur, na ƙona shi a kan murhun shayin maigadi har man ya ƙone, na kankare bakinsa.

Da na buɗe matatar iska, nan na ga babbar ɓarna. Ta takarda ce, ta sha mai ta yi laushi kamar ƙosai a koko. Irin wannan ba ta wankuwa, kuma ita ce ta ƙarshe cikin ukun da muka gada. In na sa ta haka, inji ba zai shaƙi iska ba. In na bar shi ba mata, zai shaƙi duk abin da ke yawo a Bompai. Na zauna riƙe da ita. Malam Ilu ya tambayi aikinta, na gaya masa. Ya tashi ya buɗe motarsa, ya zaro wuƙa ya farke kujerar da yake zama a kai, ya yanko soso mai kauri ya kawo.

Ya ce, "Wannan zai yi? Ni na saba zama a kan buzu."

Na yanka shi daidai gidan matatar, na wanke da kananzir, na matse, na ɗaure da waya. Man da ya zube kuma daga galan ɗin motarsa muka cika. Na mayar da fulogi, na haɗa tiyo da famfon kamfani, na buɗe makunnin mai, na ja. Shiru. Na sake ja, ya yi tari sau ɗaya ya koma barci. Ina ja na biyar ladanin masallacin ma'aikata ya ɗaga murya.

Heluma ya miƙe yana kaɗe riga. Ya ce, "To, Malam Habu, Allah Ya sa haka shi ne mafi alheri."

Na ce, "Heluma, cewa kuka yi in aka yi la'asar. Kira aka yi, ba a yi ba."

Ya dube ni ya ce, "Kai dai da malamanci za ka mutu. Alwala zan yi, kuma ba na daɗewa."

Na sake kwance fulogi, ya sake jiƙewa. Na goge shi da gefen rigata, na ɗiga fetur kaɗan a ramin, na mayar na ɗaure. Heluma yana wanke ƙafar hagu na ja. Inji ya yi tari, ya yi kakari, ya kama. Wani farin hayaƙi ya turnuƙe ƙofar kamfanin har ba ma ganin juna, maigadi ya kwashi kofunansa ya gudu. Daga cikin hayaƙin na ji muryar Heluma yana cewa, "Wanki na ce ka yi mini, ba turaren aljanu ba! Kada ka shigar mini da wannan ɗakin sukari!"

Na ɗaure bindiga ta yi ta zuba a kwatami don kada famfo ya yi zafi, muka bar shi yana ƙone sauran man da ke cikin salansa, muka bi jam'i. Da muka sallame hayaƙin ya washe, kukansa ya daidaita. Na ja shi bakin ɗakin na kama aiki. Malam Ilu ya manta da kayan da ya zo ɗauka, ya kama jan tiyo a bayana, rigarsa rabi fari rabi baƙi. Ban ɗaga kai ba sai da rana ta yi ja.

Heluma ya shigo ya bi daɓen kusurwa-kusurwa yana danna takalmi yana ɗagawa, ko zai ji ya kama. Bai kama ba. Ya ce, "Lahadi mai zuwa da azahar. Ka zo da injin a tsaye. Malaman kuma a bar ɗaya a gida."

Saura komawa Sharada, inda nake ajiye shi. Na rufe mai, na jira ya huce, na ce Malam Ilu ya kama mu sa a bodi. Ya noƙe kafaɗa.

Ya ce, "Malam, layi na biyu na ji shi, ba zan ƙara kwantar da shi ba. Amma layi na farko yana nan. Ba zan ajiye shi a ƙasan nan ba."

Na ce, "To a kankare."

Ya miƙo mini wuƙarsa ya ce, "Bisimilla. Kai ka rubuta."

Na karɓi wuƙar, na dubi rubutun, na dubi ƙasa inda ɓarɓashin zai zuba, na mayar masa da abarsa. Muka tsaya muna kallon juna, magariba na matsowa. A ƙarshe na hau bodi na shimfiɗa bargon, na zauna na miƙe ƙafafu, shi da maigadi suka ɗago inji suka ɗora mini a cinya, a tsaye, na rungume shi da hannu biyu. Haka muka ratsa Kano tun daga Bompai, ni a ƙasa a kan warin fata, inji a sama, masu kekuna suna wuce mu suna yi mini sannu da jinya. Mun kusa Sharada Malam Ilu ya rage gudu, ya leƙo ta taga ya ɗaga murya.

"Malam Habu! Da alwalarka dai ko?"